Daga Chaza Zuwa Agadas: Hanyar Da Jita Ta Bi

Idan magariba ta kawo jiki a Chaza, ƙurar da motoci suka tayar da asuba a kan hanyarsu ta zuwa Abuja sai ta komo tare da su. Unguwar tana gefen garin Suleja ne, kuma kamar sauran unguwannin garin, jama'a da yawa kwana kurum su ke yi a cikinta. Masinja ne, da direba, da birkila, da ƙaramin akawu, waɗanda kuɗin haya a babban birnin tarayya ya fi ƙarfin aljihunsu. Su fita da duhu, su dawo da duhu. Sunan ma da babban birnin ke taƙama da shi na garin nan ne. Abu Ja, ɗan sarautar Haɓen Zazzau, shi ya kafa garin a 1828, garin kuwa ya ci sunansa har zuwa sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976. Aka ɗauki sunan aka kai can, aka laƙaba wa tsohon garin Suleja domin girmama Sarki Sulaimanu Barau. Garin ya ba da suna, ga shi yanzu yana ba da masauki.

Bayan sallar lisha, teburin mai shayi shi ne majalisa. A nan a ke jin Hausa da Gwaranci da Nufanci da Turancin kasuwa a kan benci guda. A can gefe, inda hasken fitila bai kai sosai ba, akan tarar da wani mai gadi daga Jamhuriyar Nijar, ya naɗe fuska da rawani, ya ɗora 'yar butarsa a kan gawayi, domin shi a wurinsa abin da aka zuba wa madara aka haɗa da burodi bai ci sunan shayi ba. Wayarsa tana kan tabarma tana kiɗa. Kunnen da ya saba da fiyanon waƙoƙin finafinan Kano nan da nan zai ji bambanci. Tsirkiyar ƙarfe ce ke kuka, ta hau, ta gangaro, ta sake hawa. A ƙarƙashinta ganga na sassarfa kamar taguwa ta hango rijiya, ga tafi yana biye da ita sau da ƙafa.

Masu shan shayi sukan yi gardama a kan wannan kiɗa. Wani ya ce na Larabawa ne, wani ya rantse na Turawa ne, wani ya ce ai na Buzaye ne kawai, a bar zancen. Kowannensu ya taɓo gaskiya ta gefe guda. Abin da ba kasafai a kan ambata a teburin ba shi ne, ɗaya daga cikin manyan makaɗan wannan salo, wanda yau a ke cika masa zauruka a Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko.

Kafin a kai ga Sakkwato, ya kamata mai karatu ya san gidan su jita. Siffar da ta ke da ita yanzu, da faffaɗan ciki da tsukakken ƙugu da tsirkiya shida, a kudancin ƙasar Sifen aka daidaita ta, watau Andalus, inda Musulmi suka yi mulki tun daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Wani masassaƙi mutumin Almeriya, Antonio de Torres, shi ya tsayar da ma'auninta a tsakiyar ƙarni na 19, har yau kuwa a kan sawunsa masu sassaƙa jita ke tafiya. A wannan yanki ne kuma kiɗan filamanko ya tashi, a hannun talakawa, musamman ƙabilar da a ke kira Gitano, waɗanda kakanninsu suka fito daga arewacin Indiya. Kiɗa ne na maƙera da masu haƙar ma'adinai da 'yan kurkuku. Mawaƙi ya yi kukan zuci, mai rawa ya buga dugadugi, jama'a su yi tafi, mai jita kuwa yana zaune a baya, aikinsa rakiya, kamar yadda mai kalangu ke raka mawaƙi a ƙasar Hausa. Manyan gari suna jin daɗin kiɗan, amma ba su ɗauki mai yinsa da wata daraja ba.

Wanda ya fito da mai jita daga baya ya zaunar da shi a gaba, shi ne Paco de Lucia. An haife shi a 1947 a Aljesiras, garin da ke fuskantar Dutsen Ɗariƙu, wanda sunansa ma daga Larabci ya ke, Aljazira. Ubansa makaɗi ne matalauci, ya tsare shi a ɗaki yana ƙaramin yaro yana kaɗa jita sa'o'i masu yawa kowace rana. Kafin ya yi gemu ya haddace filamanko ciki da bai. Daga 1969 ya shiga aiki da mawaƙin nan Camaron de la Isla, a 1973 kuma ya fitar da wani kiɗa mai suna Entre dos aguas, ma'ana tsakanin ruwa biyu, wanda ya sa masa jita mai lantarki mai kaurin murya da 'yan ganguna. Gidajen rediyo suka kama. A 1975 ya yi wasa a babban zauren Teatro Real na birnin Madrid, wurin da a da mai filamanko ba ya ko mafarkin hawa. Daga baya ya je ƙasar Peru ya ga wani akwatin katako da jikokin bayi baƙar fata ke zama a kai suna bugawa a maimakon ganga, ya ɗauko shi ya kawo gida. Dattawan sana'ar suka yi ca, suka ce ya ɓata gadon iyaye. Yau da wuya a ga taron filamanko babu wannan akwati, har yara na tsammanin tun fil azal da shi a ke yi.

A ranar 5 ga Disamba 1980 Paco ya zauna a dandalin wani zaure a San Faransisko tare da mutum biyu, kowa da jitarsa maras lantarki. Ɗaya John McLaughlin ne, mutumin Ingila, wanda ya yi kiɗan jaz tare da Miles Davis, ya kafa ƙungiyar da ta gauraya jaz da rok, ya kuma zauna a gaban malaman kiɗan Indiya. Ɗayan kuwa Al Di Meola ne, Ba'amurke, wanda Chick Corea ya ɗauka cikin ƙungiyarsa a 1974 yana ɗan shekara 19. Abin da aka ɗauka a wannan dare ya fito a faifai a 1981 da sunan Friday Night in San Francisco, ya zama ɗaya daga cikin fayafayan jita da suka fi yaɗuwa a duniya. Masu jaz al'adarsu ƙirƙira nan take, a kafa turke kowa ya yi kiwo gwargwadon tsawon igiyarsa. Paco bai tashi da wannan ba, a lokacin ko rubutun kiɗa bai iya karantawa ba, kuma shi da kansa ya sha faɗin irin wuyar da ya ci kafin ya saba. Amma ko kunnen da bai san kiɗa ba zai iya nuna inda hannunsa ya shigo a cikin ukun, domin abin da ya zo da shi daga ɗakin ubansa bai narke ba. Ya rasu a ƙasar Meziko a 2014.

To, a daidai shekarun da a ke tafa wa mutanen nan uku a Amurka, waɗansu samari na zaune a bayan garin Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, babu aiki, babu dabbobi, babu takardun zama, suna karɓa-karɓa da jita guda. Jikokin kiɗansu ne ke fita daga wayar mai gadin Chaza. Gani ya kori ji, saboda haka wanda ke son sanin yadda abin ya kasance sai ya ɗaure kayansa ya nufi arewa.

Daga Suleja sai Minna, sai Zungeru da Tegina, sai Kwantagora, a gangara Yawuri a bakin Kwara, a bi ta Jega da Tambuwal. Tafiya ce ta yini guda cur, kuma a 'yan shekarun nan direbobi ba su son dare ya riske su a waɗansu sassanta. Duwatsu da dogayen itatuwan ƙasar Gwari suna raguwa, kuka da gawo suna ƙaruwa, har a shiga Birnin Shehu da zafinsa mai gasa ƙafa ta cikin takalmi.

Baƙo a Sakkwato Hubbare ya ke nema da fadar Sarkin Musulmi, ba wanda zai nuna masa ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa da ke cikin lunguna, masu kwamfuta guda da fiyano guda da katifa a jikin bango don tare ƙara. A irin wannan ɗaki ne a 2008 wani saurayi Ba'abzine, Mahamadou Souleymane, wanda a ke kira Mdou Moctar, ya zo da jitarsa ya ɗauki waƙoƙin da aka tara a faifan Anar. Masu ɗakin suka yi masa abin da suka saba yi wa mawaƙan finafinai: gangar inji, da na'urar nan mai tace murya ta mai da ita siririya kamar ana busa ta cikin kwalba. Aka sami waƙar Buzanci sanye da rigar Kano. Ba kamfanin da ya buga ta, ba kantin da ya sayar. Daga waya zuwa waya ta yi ta tafiya, ta bulutut da katin memori, a tashoshin mota da gindin itatuwa, har ta kai Kidal a arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya kwafe ta daga wayoyin samari ba tare da ya san mai ita ba, ya sa ɗaya daga ciki a faifan da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011, sa'an nan ya bi sawu har ya gano mutumin. Da ya zo ganinsa, tsarabar da ya riƙo masa jita ce irin ta bahago, don Mdou da hagu ya ke kiɗa.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba nisa, daga Illela kuwa ana hango Birnin Ƙonni. Harshe bai sake ba, tuwo bai sake ba, kuɗi ne kaɗai da kakin ɗan sanda suka sake. Bayan Tawa sai ƙasa ta buɗe. Gonakin gero su ƙare, a shiga Azawak, ƙasar jajayen shanu da raƙuma da rijiyoyi masu zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi guga ya ja. Hanyar da a ke bi an shimfiɗa ta ne domin jigilar yuraniyum daga Arlit, kuma shekara da shekaru matafiya na kuka da ramukanta. A kanta Abalak ta ke, da tabkinta. Yamma da ita kuma Cintabaradan. Garuruwan nan biyu su ne ƙasar su Mdou Moctar.

A nan ne labarin samarin Tamanrasat ke fitowa fili. Farin da aka yi a 1973 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, ya ƙarar da dukiyar Abzinawa. Mutumin da ubansa ke da raƙumi ɗari ya wayi gari ba shi da akuya. Waɗansu suka gangaro kudu suka kama gadi a Kano da Kaduna da Ikko, abin da ya sa har yau Bahaushe in ya ce Buzu, mai gadi ke faɗo masa a rai. Waɗansu suka haura Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi, aka sa musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A 1980 Kanar Gaddafi ya kira su su shiga horon soja, da yawa suka amsa. A sansanonin nan da unguwannin baƙi suka ji kaset ɗin mawaƙan Larabawa da na Turawa, suka kama jita. Ibrahim Ag Alhabib na ƙasar Mali da abokansa suka kafa ƙungiyar Tinariwen, wadda daga baya ta ci lambar Grammy a 2012. A ɓangaren Nijar kuwa Abdallah Oumbadougou ne jagora. Bayan kashe-kashen da aka yi a Cintabaradan a watan Mayu 1990 tawaye ya ɓarke, waƙoƙinsu suka zama wasiƙun yaƙi, har ta kai wanda aka kama da kaset ɗinsu yana iya kwana a hannun hukuma. Sai a ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu, jita ta fito daga ɓoye.

Mdou yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa. Gidansu gidan addini ne, ba su yarda da kiɗa ba, balle a saya masa kayansa. Sai ya sami katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayoyin burkin keke, ya riƙa koyo a ɓoye. Ibrahim na Tinariwen ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Har mata sun shiga: a ƙauyen Illigadad, kusa da Abalak, Fatou Seidi Ghali ta koya da jitar wanta, ƙungiyarta kuma ta fitar da faifai a 2016 ta zaga Turai.

Ana isa Agadas, abin da ido ke fara kamawa hasumiyar babban masallaci ce, ta jar ƙasa, tsayinta mita 27, itatuwa sun tsattsargo daga jikinta kamar ƙayar bushiya. An gina masallacin wajen 1515, aka sabunta shi a 1844, a 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kusa da shi fadar Sarkin Abzin ta ke. Bahaushe ba ya baƙunta a nan, don Hausa ce harshen kasuwa da na lungu. Tun zamanin ayari garin ke kallon Kano: gishirin Bilma da dabino su gangara, hatsi da turkuɗin Kura su hauro, har baƙin rawanin da Ba'abzine ke alfahari da shi a marinar ƙasar Kano a ke rina shi. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1850 a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Hausa.

Makarantar jita a Agadas ita ce gidan biki. Da la'asar sakaliya a tare lungu, a shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareto, a jingina lasifika a jikin bango. Samari uku ko huɗu cikin manyan riguna su rataya jita, ɗaya ya zauna a bayan ganguna. Mata su yi da'ira, maza su tsaya a kan babura, a fito bibbiyu a taka, a yi liƙi. Lasifikar ta tsufa, ƙura ta shiga cikinta, muryarta ta dushe tana tsatsa. Wannan dushewa da mawaƙan rok na Turai ke sayen na'urori masu tsada don su samu, a nan talauci ne ya ba da ita kyauta. Kuma tun da ba a tsayar da kiɗa alhali masu rawa ba su gaji ba, tilas mai jita ya iya jan waƙa guda ya yi ta juya ta, yana ƙirƙira nan take. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, ta 'yan'uwa ce ta gida ɗaya, ta fi shekara 20 tana wannan aiki a bukukuwan talakawan garin kafin duniya ta san da ita.

Wanda ya fara kai sunan garin nesa shi ne Omara Moctar, wanda a ke kira Bombino. An haife shi a 1980 a Tidene, a arewa da Agadas. Tawayen 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya, a can ya fara taɓa jita, ya kuma riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, yana maimaitawa har ya kama yadda yatsunsu ke tafiya. Sunan Bombino daga kalmar Italiyanci ya ke mai nufin ƙaramin yaro, don shi ne auta a ƙungiyar da ya fara shiga. A 2006 ya je Kalifoniya tare da ƙungiyar Tidawt, suka ɗauki waƙa a cikin wani aiki na Tim Ries, mai busa a kiɗan jaz, wanda ke sake fasalin waƙoƙin ƙungiyar rok ta Rolling Stones da makaɗan ƙasashe dabam-dabam. Faifan ya fito a 2008, a cikinsa kuwa har da Sara Baras, gwanar rawar filamanko. Watau jaz da rok da filamanko da jitar Agadas sun kwana a ɗaki guda.

Amma kafin faifan ya fito, gida ya sake rikicewa. Tawaye na biyu ya tashi a 2007, hukuma ta ɗauki jita alamar 'yan tawaye ta hana ta, aka kashe abokan kiɗan Bombino biyu, shi kuwa ya tsere zuwa Burkina Faso. Masu yawon buɗe ido da garin ke ci da su suka ɗauke ƙafa. Da ƙura ta lafa ya komo, a watan Janairu 2010 ya yi wasa a filin da ke gindin hasumiyar nan da yardar Sarkin Abzin, jama'a suka yi dafifi. Daga nan sai faifan Agadez a 2011, sai Nomad a 2013 wanda aka ɗauka a Nashbil ta Amurka tare da Dan Auerbach, sai Deran a 2018 wanda aka ɗauka a Kasabalanka, ya kuma sa shi ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar Grammy. Bai ci ba, amma an ji sunan ƙasarsa a wurin da a da a ke rikita ta da Nijeriya.

Mdou Moctar shi ma a Agadas tauraronsa ya ƙarasa fitowa. A 2015 ya fito a wani fim da aka shirya a garin cikin harshen Tamashek, wanda aka gina a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince. Bayan haka ya ga yadda Eddie Van Halen ke ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsun hannu biyu, ya ɗauka ya zuba a cikin nasa. Faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 suna da ƙarar da za ta tsorata wanda ya san Anar kaɗai, maganarsu kuwa a kan mulkin mallaka ce, da yuraniyum da a ke haƙa a ƙasarsu alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu, da harshen da yara ke mantawa.

A nan akwai wurin yin hattara, domin 'yan jaridun Turai suna da saurin laƙaba wa kowane Ba'abzine mai jita sunan Hendrix na hamada, kamar dai ba shi da uba sai an ara masa. Abin da mutanen nan suka karɓa daga rok shi ne lantarki da ƙara da waɗansu dabarun yatsa. Gindin kiɗan na gida ne. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri tana gunji ba ta sauyawa, sauran yatsu suna zana waƙa a kanta, daidai yadda maƙeran Abzinawa ke kaɗa molonsu mai tsirkiya uku a kiɗan takamba. Bugun kuwa na tande ne, turmin da mata ke rufewa da fatar akuya su buga, sauran suna tafi, raƙuma na zagaye. Filamanko kam ba su koye shi ba, ba su kuma yi da'awar sun koya ba. Kama ce ta jini: tafi a nan, tafi a can, kukan wanda aka raba da gida a nan, wanda su ke kira asuf, watau kewa, irinsa kuma a can. Da aka gwada haɗa dangin biyu da gangan, an ga sun dace: a 1988 Toumani Diabate na Mali, mai kaɗa kora, ya zauna da ƙungiyar filamanko ta Ketama suka yi faifan da suka sa wa suna Songhai.

Sana'ar dai ba hutu ba ce. Mai jitar Agadas yana iya yin wata biyu yana kwana a otal-otal na Turai, ya dawo ya rataya jitarsa a lungu yana jiran liƙi, ga dangi da maƙwabta kowa ya miƙo hannu. Mdou yakan sa wani abu daga abin da ya samu a haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Takardar biza kaɗai tana iya rushe shirin shekara. Sa'ad da soja suka kifar da gwamnati a Yamai a ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, shi da abokansa suna Amurka, suka maƙale a can ba hanyar komowa, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. Iyakar Illela da ya bi ya zo Sakkwato a 2008 ita ma ta yi watanni a rufe.

Matafiyin da ya juyo kudu da wannan kiɗa a kunnensa, tambaya guda za ta riƙa cinsa tun daga Ƙonni: ina nasu na wannan gefen? Ƙasar Hausa ba ta rasa tsirkiya ba. Akwai garaya, akwai molo, akwai gurmi wanda masu bincike ke lissafa shi cikin dangin banjo na Amurka, akwai goge da kukuma. Alhaji Ɗanmaraya Jos, Allah Ya jiƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, gwangwani da fatar akuya, ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya yi shekaru a Kaduna yana waƙar Hausa da kayan kiɗan zamani. Amma jita ba ta yi saiwa ba. An bar ta a otal da barikin soja da coci, ɗan Bahaushe kuwa da zai rataya ta sai ya shirya wa sunan ɗan iska. Sa'an nan daga shekarun 1990 fiyano ya zo ya raba gardama: mutum guda da inji guda su yi aikin makaɗa goma, cikin rahusa, ba a kuma ce masa maroƙi. An sami waƙoƙi masu daɗi ta wannan hanya, ba a musu. Hasarar ita ce yatsu sun daina koyon tsirkiya, masu garaya da gurmi suna tsufa, 'ya'yansu na kan babur suna acaɓa. Ranar da wani yaro zai so ya gauraya kiɗan Hausa da jaz ko rok, me zai zuba a cikin tukunyar daga nasa ɓangaren?

Suleja kuwa ta taɓa ganin yadda a ke irin wannan gauraye, ko da ya ke da yumɓu aka yi. A farkon shekarun 1950 Baturen nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, lokacin ana kiransa Abuja. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta zo ne tana gwanar ginin tulu irin na Gwari, wanda ta koya tun tana yarinya, tana zagaya shi tana ɗora yumɓu da hannu, tana zana masa kunama da ƙadangare da kifi. Ta karɓi ruwan ƙyalli da gashin wuta mai tsanani na Bature ta sa wa tulunta, siffar da zanen kuwa ta bar su yadda ta gada. Da su ta je Ingila da Jamus da Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, kamar yadda Dutsen Zuma, da ke tsaye a bakin hanyar Abuja kusa da garin, ya ke a kan tsohuwar takardar naira 100. Yau dai ko an haɗa takardun biyu da ƙyar su sayi abin kirki a teburin mai shayi.

Dare ya raba a Chaza. Mai shayi ya kife kofuna, ya ɗaure ragowar burodi a leda. Ma'aikatan Abuja sun watse tuni, don motar asuba ba ta jiran kowa. A rumfar mai gyaran keke da ke daura da teburin, tsofaffin wayoyin burki na nan a zube cikin ƙura, inda yara ke tsinta su ƙera motocin wasa da gwangwanin madara. Mai gadi ya zuba shayinsa na uku, mai zaƙin, ya ɗaga buta sama har kumfa ta tashi. Cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, saboda haka ya rage muryar, ya kai ta kusa da kunne a ƙarƙashin rawani, ya ɗauki tocila da sandarsa ya shiga zagaye.